Majinyaciyar Aro

Shafi na 17

A zuriyar Baba ba a taɓa haifar namijin da ƙwaƙwalwarsa ta buƙaci likita ba. Tarihi ne wannan, kuma Baba ya sha karanto shi a falo ba tare da ya duba takarda ba. Kawun da ya shekara tara yana mayar wa rediyo martani, mai zurfin tunani ne. Ƙanen kakansu da ya daina fitowa daga ɗaki, ba ya son hayaniya ne. Mazan gidan sukan gaji, sukan yi hawan jini, wani lokaci su buƙaci canjin iska. Abin da ya wuce nan, ciwon mata ne.

Shi ya sa da Yaya Alƙali ya fara jiƙa riga da gumi duk sanda aka buɗe masa ƙofar kotu, har ta kai ya kulle kansa a banɗakin ofis minti arba'in lauyoyi na tsaye suna jira, gidan ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa ƙanwarsa Auta ce ba ta da lafiya.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Ran Talata da yamma Yaya zai miƙo mata takardun da ya rubuta abin da ke damunsa, ita kuma ta kwafe a littafin da Likita ta ba ta, tana rage wa ciwon tsawo da faɗi har ya zo daidai jikin malamar 'yan aji biyu. Kotu ta koma aji. Lauyoyi su koma iyayen yara. Ran Laraba ta zauna a kujera mai laushi ta yi masa rashin lafiyarsa na minti hamsin, sannan ta kwashi shawara ta kai masa mota. Ƙwayar da likitan hawa na sama ya rubuta mata kuwa, biyu-biyu Yaya ya riƙa sha, domin da nauyinta aka auna, shi kuma ya ninka ta a jiki da karatu.

Yau ma Laraba ce. Sai dai akwai takarda a jakarta.

Ɗakin yana nan yadda yake. Kujeru biyu, ƙaramin tebur, agogon da aka rataye a bayan kan majinyaci don likita kaɗai ta riƙa ganin lokaci. Ga kwalin takardar share hawaye a gefen hannunta, wanda a wata goma sha ɗaya ba ta taɓa zarar ko ɗaya ba.

"Makaranta ce ta ba ni," in ji Auta, tana miƙa wa Likita takardar. "Za su ba ni shugabancin sashen ƙananan yara. Sun ce duk wanda ya buɗe fayil a asibiti da katin ma'aikata, sai likitansa ya cike wannan."

Amfani da katinta dabarar Yaya ce. Nasa katin zai bar sawu.

Likita ta ɗora tabarau a karan hanci ta karanta har ƙasa, ta juya shafi na biyu.

"Shekara nawa kina jiran kujerar nan, Malama?"

"Goma sha huɗu."

"Kina son ta?"

Auta ta laluba cikin ranta kamar mai neman makulli a jakar da ta san ba ya ciki.

"Ina jin ina so. Da can dai ina so."

"Tambaya ta shida," in ji Likita. "Shin ciwon ya taɓa sa majinyaci ya bar bakin aikinsa. A fayil ɗinki, kin bar yara talatin da biyu a aji kin shiga banɗaki kin kulle kanki minti arba'in."

"Haka aka rubuta."

"Ke kika rubuta."

"Ni na rubuta."

"Idan na kwafe wannan a nan, kin san ba mai ba ki sashen 'yan shekara huɗu."

"Na sani."

"Ba kuma zan rubuta ƙarya ba."

"Ban ce ki rubuta ba, Likita."

Likita ta ajiye takardar. Ta miƙo hannu.

"Ba ni littafin."

Auta ta ba ta. Likita ba ta buɗe shafin makon nan ba, farko ta koma, tana juya shafukan da ɗan yatsa ɗaya.

"Dubi nan. Wata takwas. Ba gogewa ko ɗaya, ba kalmar da aka soke. Shekarata ashirin da uku ina karanta littattafan mutanen da hankalinsu ke tashe, ban taɓa ganin wanda tsoro ya kama ya kuma tuna da waƙafi ba. Mai kwafa ne kaɗai ba ya goge-goge."

"Malama ce ni. Rubutu aikina ne."

"Haka na ce wa kaina." Ta tsaya a wani shafi. "Sai na zo nan. Wata na uku. 'Yau na yanke wa wani ɗalibi shekara bakwai.'" Ta ɗago. "Ɗan aji biyu. Me ya yi, alli ya cinye?"

Auta ta kalli layin. Rubutunta ne, mai kyau, a tsaye. Ta tuna ranar. Tana kwafa ne tana sauraron 'yarta na haddar jadawalin bakwai.

Ta jira kunya ta zo. Ta jira tsoro. Abin da ya zo kawai shi ne lura da cewa ganye ɗaya na shukar da ke taga ya bushe, ba a cire ba.

"Ban tambaye ki sunansa ba," in ji Likita. "Ban ma ce namiji ne ba, duk da mata ba su cika rubuta 'martabata' sau huɗu a shafi ɗaya ba."

"Tun lokacin kika sani?"

"Tun lokacin nake zargi. Na yi shiru saboda na ga wani yana samun sauƙi ta hannunki, na ɗauka wata rana za ki riƙo hannunsa ki shigo da shi. Kuskurena ne, kuma akwai inda zan je in amsa shi. Amma zargina ba ya shiga fayil. Abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa ne ke shiga."

Auta ta mayar da ido kan takardar makarantar.

"Bari wannan," in ji Likita. "Ba shi ya fi damuna ba."

Ta juya zuwa ƙarshen littafin. A nan shafukan sun canza kama. Layi a soke, kalma a kan kalma, wani wurin biro ya huda takarda.

Wata uku da suka wuce Yaya ya sanar cewa ya warke. Ya daina rubutu, ya daina shan ƙwaya. Amma ya ce ta ci gaba da zuwa, kada a daina kwatsam a jawo tambaya, kuma ko da abin zai dawo, a samu kujerar da ɗuminta. Sai aka bar Auta da farin shafi duk Talata. Dole ta cike shi da wani abu.

Likita ta karanta, ba ta sa wa muryarta komai ba.

"'Na tsaya gaban famfo da kofi. Ya cika ya zube. Ban san minti nawa ba.'"

Ta juya.

"''Yata ta zo ta ɗaya a ajinsu. Na ce mata madalla. Na jira in ji wani abu, bai zo ba, sai na ɗora tukunya.'"

Ta sake juyawa.

"'Yau shekara biyu da rasuwarsa. Na goge takalmansa na mayar.'"

"Ƙirƙira na yi," in ji Auta. "Ba a son a zo da shafi fari."

"Mijinki ya rasu?"

"Ya rasu."

"Shekara nawa?"

"Biyu."

"Takalman suna nan?"

"Ƙafa uku. Ɗaya na zuwa aiki ne."

"To kin iya ƙirƙira."

Agogon da ke bayan Auta ya ci gaba da aikinsa. A waje wani ya tura keken marasa lafiya mai tayar da ke kuka.

"Mutum biyu ne a littafin nan, Malama. Na farko tsoro ke damunsa, shi kuwa tsoro muna da hanyarsa. Ya koyi numfashi, ya riƙa shiga ɗakin da yake gudu kaɗan-kaɗan, ya rubuta tunaninsa ya yi masa tambayoyi. Ɗalibi ne mai ƙoƙari, ki gaya masa. Ta biyun ba ta jin tsoro. Ba ta jin komai. Wata uku tana zuwa ɗakin nan, ko gaisuwa ba mu yi ba."

"Ita lafiyarta ƙalau. Tana zuwa aiki."

"Kullum. Ba ta taɓa barin yaro ko na minti ɗaya ba. Ita, da hannuna zan rubuta cewa tana karɓar kulawa kuma za ta iya riƙe sashe. Na tsaya a kai ko'ina."

Ta ɗauki biro ta ajiye a kan takardar makarantar.

"Ga yadda abin yake. In kika ce min wata takwas ɗin farko ba naki ba ne, zan gyara fayil, tambaya ta shida ta zama a'a. Amma asibiti zai tambayi wanda ya sha maganin wata takwas da aka rubuta da sunanki, kuma ba za su karɓi 'wani' a matsayin suna ba. In kika ce naki ne, zan kwafe abin da ke ciki."

"Ba hanya ta uku?"

"Da akwai, da na fara da ita."

Auta ta juya ta kalli agogon, karo na farko tun da take zuwa.

"Ki ba ni minti goma."

Motar tana inda take tsayawa duk Laraba, layi biyu daga asibitin, bayan shagon mai facin taya, gilashi a rufe. An aiki direba sayen abin da ba a buƙata. Yaya yana kujerar baya da jarida, ya ware ta sosai yadda ko mai leƙe sai dai ya ga labaran duniya.

"Kin yi sauri yau," ya ce. "Ko matar ta fara gajiya da mu?"

Ta zauna ta ja ƙofa. Ta gaya masa, a jere, yadda take karanta wa yara sanarwa. Takarda. Tambaya ta shida. Gyaran fayil. Sunan wanda ya sha magani.

Yaya ya naɗe jaridar gida huɗu.

"Mu bi maganar a tsanake. Wa ya buɗe fayil?"

"Ni."

"Wa ya sa hannu?"

"Ni."

"Wa ya je ya karɓi magani a taga?"

"Yaya, ba kotu muke ba."

"Ko'ina kotu ne, Auta, mutane ne ba su sani ba." Ya gyara zama. "Ran Litinin sunana zai shiga gaban kwamiti. Na zaɓen alƙalan babbar kotu. Kin san mutum nawa ke jiran in yi tari? Kin san abin da Baba ya gaya wa abokansa?"

"Ni ma ran Litinin zan karɓi ofis."

"Na sani. Na yi miki murna, ai na turo saƙo."

"Matarka ta turo."

"Da izinina."

Mai faci yana dukan taya da guduma. Auta tana kallon maɓalli na biyu na rigar Yaya, zarensa ya saki, saura kaɗan ya faɗi.

"Ki duba," ya ce, ya sassauta murya. "Ke in aka ji, cewa za a yi mutuwar miji ce, a tausaya miki, a kawo miki ziyara. Ni in aka ji, duk hukuncin da na yanke shekara ashirin sai an ɗaga shi an leƙa ƙarƙashinsa. Mutanen da na ɗaure za su ce mahaukaci ne ya ɗaure su. Waɗanda na saka ma ba za su tsira ba. Ba kaina nake ji ba."

"Na sani."

"Naki kuma sashen yara ne. Ƙananan kujeru. Baɗi ma ana iya sake dubawa."

"Shekara goma sha huɗu ana sake dubawa."

Yaya ya damƙe jaridar a hannunsa. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa, ya kai hannu wuyan riga yana ja, idonsa na neman ƙofa a cikin motar da ke da ƙofa huɗu.

"Auta."

"Ajiye jaridar. Sa ƙafafunka a ƙasa."

Ya sa.

"Ja ta hanci. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Riƙe. Saki a hankali, har shida. Me kake gani?"

"Kujera."

"Sai me?"

"Taya. Mai faci."

"Sake ja."

Ta ƙirga masa sau biyar, da muryar da Likita ta koya mata, wadda ita ba ta taɓa amfana da ita ba. A hankali kafaɗunsa suka sauka. Ya zaro hankici ya goge fuska. Na ɗan lokaci ya koma yayan da ya riƙa goya ta zuwa makaranta ranar da aka yi ruwa, yana cewa ta riƙe masa littattafai sama kada su jiƙe.

"Zafin motar nan ne," ya ce. "Na'urar sanyin ta lalace."

"Ta lalace," in ji Auta.

Ta buɗe ƙofa ta fita.

Likita tana inda ta bar ta. Biron ma bai motsa ba.

"Fayil ɗin nawa ne," in ji Auta.

"Duka?"

"Duka."

"Har shekara bakwai ɗin da aka yanke wa ɗan aji biyu?"

"Ya cika surutu."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta cire murfin biro. Ta cike shafin farko. A shafi na biyu ta tsaya.

"Zan ƙara da cewa an samu sauƙi sosai, wata uku ba a sake ba. Gaskiya ne ai."

"Za su karanta har can?"

"Ba su cika yi ba."

Ta rubuta, ta buga hatimi, ta naɗe ta sa a ambulan ta liƙe. Sannan ta jawo aljihun tebur ta ɗauko sabon littafi, irin wancan, ta ɗora a kan ambulan ɗin.

"Wannan na mai goge-gogen ne. Kada kowa ya taya ta. Laraba mai zuwa ita nake jira, in ta ga dama ta zo da shafi fari."

"In ba ta da abin faɗa fa?"

"Sai mu zauna. Kujerar ba ta gajiya."

Auta ta sa littafin a jaka, ta riƙe ambulan a hannu.

Direba ya dawo, an kunna mota. Yaya ya koma bayan jaridarsa, ya sake zama mutumin da ake miƙewa in ya shigo.

"Me ta ce?" ya tambaya, a hankali, saboda direba.

"Ta ce na farkon ɗalibi ne mai ƙoƙari. Ya warke."

"Ai na faɗa muku tun farko gajiya ce." Ya juya shafi. "Mu ba ma irin wannan ciwon. Amma dai kin kyauta. Zan gaya wa Baba kin kyauta."

Suka sauke ta a kwanar da ke kafin makaranta, don motar alƙali ba ta tsayawa inda za a tambayi dalili.

Lokacin hutun tara ne, filin ya cika da ihu. Tun daga bakin ƙofa 'yan ƙananan suka yo kanta, wannan ya riƙe siket, wannan yana nuna mata haƙorin da ya fita, wata ta miƙo ƙafa ba magana. Auta ta durƙusa, ta sa ambulan a hammata, ta ɗaure igiyar takalmin, ta ja ta tabbatar.

A barandar ofisoshi mai fenti ya jingine wani ƙaramin allo a bango yana shanya. Shugabar Sashen Ƙananan Yara. Harafin ƙarshe bai bushe ba.

"Ga ta nan," in ji Shugabar makaranta, tana murmushi tun kafin Auta ta gama sallama. "Shigo, shigo. Kin ga allonki? Na ce masa ya ƙara girman rubutun, shekara goma sha huɗu ba wasa ba." Ta turo wani makulli mai jan zare zuwa tsakiyar tebur. "Na ofishin ne. Ki fara kai kayanki tun yau, Litinin sai dai zama. Kin kawo takardar? Ka'ida ce kawai, a sa a fayil a manta."

Auta ta ajiye ambulan a gefen makullin.

Shugaba ta farke shi da ɗan yatsa, tana ba ta labarin labulen da za a canza. Ta bi shafin farko da ido tana gyaɗa kai. Ta juya na biyu.

Labarin labule ya tsaya a tsakiya.

Ta karanta. Ta koma sama ta sake karantawa. Ba ta kai ƙasan shafin ba. Hannunta na hagu ya tafi a hankali, kamar ba da saninta ba, ya sauka a kan makullin, ya ja shi baya har bakin aljihun tebur.

"Malama," ta ce, ba ta ɗago ba. "Rufe mana ƙofar nan."

Auta ta tashi ta rufe, a hankali, don kada ƙarar ta firgita yara.